Tsakanin Zaure da Tsakar Gida: Wa Ke Shata Iyakar?

Duk wanda ya san Kano a yau ya san Adaidaita Sahu. Ita ke kai ɗan kasuwa Kwari, ita ke kai ɗalibi jami'a, ita ke cushe titin Kurna da yamma har mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa. Sai dai da yawa daga samarin da ke tuƙa ta ba su san cewa ba don mazan da ke cika bayanta aka kawo ta ba. A 2005, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka shigo da waɗannan babura masu ƙafa uku, har da labulensu, domin mace ta samu abin hawa ba tare da ta raɓi bayan wani ƙato ba. A Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur baki ɗaya. Kafin ka ce kwabo maza sun cika Adaidaita. Labule ya tafi. Mace ta koma neman gefe, tana takure jiki, tana roƙon a bar mata bakin ƙofa.

Ban ɗauko wannan labari don in ɗora wa wata gwamnati laifi ba. Na ɗauko shi ne saboda cikin ƙasa da shekara goma ya nuna mana abin da ya daɗe yana faruwa a ƙasar Hausa: iyakar da ke tsakanin wurin maza da wurin mata mutane ne ke shata ta, masu iko da masu hali, kuma suna matsar da ita duk ranar da buƙatarsu ta sauya. Gardama kan wannan ba ta ƙarewa a rediyo da Facebook da majalisun unguwa. Wasu na cewa wurin mace ɗakin mijinta, magana ta ƙare. Wasu na cewa kulle kurkuku ne, a rushe shi kowa ya huta. Nawa matsayin a fili yake. Sutura da keɓewa abubuwa ne masu daraja, ina son su, zan kuma kare su. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka kwashe shawara da dukiya da labari muka jibge su a ɓangaren da ƙafar mace ba ta takawa, sannan ɓangaren da muka ce nata ne, shi ma ba mu mallaka mata ba.

Mu fara da gidan da yawancinmu muka tashi a ciki. Daga titi sai zaure, ko soro kamar yadda Kanawa ke cewa, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama. Bayansa akwai fili da ake ɗaure dabba ko a gina wa samari ɗaki. Sai shigifa, wadda magina ke karkatar da ƙofarta don kada idon na waje ya zarce ciki. Sai tsakar gida, da rijiya da murhu da turmi da igiyar shanya, ɗakunan mata a kewaye, turakar maigida a gefe. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi. A tsakar gida mace na iya ɗaura zane a ƙirji ta yi daka, ta yi kitso, ta shayar da ɗa, ta ƙyalƙyale da dariya, babu mai ƙare mata kallo. Namiji baligi, ko da ƙanen maigida ne, sai ya yi sallama an ba shi izini. Shi kansa maigidan in ya cika zaman cikin gida da rana, abokai za su fara kiransa mijin-ta-ce. Katangar nan tana korar maza daga wata duniya da ba su san rabin abin da ke gudana a cikinta ba: adashi da biki, ƙawance da rance, gaba da sulhu.

Duk wannan na yarda da shi. Amma me ake yi a zauren? A nan ake karɓar kuɗin aure. A nan mai unguwa ke aiko da labarin rabon taki ko rubuta sunaye. A nan ɗan siyasa ke sauka ya yi alkawari. A nan ake raba gado, kuma duk wanda ya taɓa halartar irin wannan zama zai gane abin da zan faɗa. An shimfiɗa tabarma, malam na riƙe da takarda da biro, 'ya'ya maza sun jeru, baffa na gefe yana jan carbi. Ana lissafa gida da gona da shago. Matar mamacin da 'ya'yanta mata suna ciki, bango ɗaya ne tsakaninsu da maganar. Can sai a kira yaro: "Je ka ce wa Inna, gonar bakin rafi za a bar wa su yaya, su kuma za a kimanta a ba su kuɗi." Yaro ya ruga ya dawo: "Ta ce to." Malam ya rubuta cewa kowa ya amince. Ita kuwa tana cikin takaba, idonta bai bushe ba, ba ta ga takardar ba, ba ta san nawa aka yi wa gonar kuɗi ba, ba ta san wa ya yi kimar ba. Kuɗin da aka miƙa mata na tumunin takaba, da rabon 'ya'yanta mata, kafin shekara biyu sun narke a cefane da asibiti. Gonar tana nan, darajarta na ninkuwa a hannun maza. Babu wanda ya daki kowa, babu wanda ya ɗaga murya. Wurin zama kawai aka zaɓa, wurin zaman ya yanke hukunci.

Na san amsar farko da za a ba ni: ai addini ne ya ce haka. Za a kawo ayar Suratul Ahzab da ta umarci zama a gida. Malamai tun da can sun yi saɓani kan ko umarnin ya keɓanta da matan Annabi (SAW) ne ko ya haɗa da sauran mata, kuma waɗanda suka ce ya haɗa da kowa ma ba su hana fita don buƙata ba. Abin da duk ɗan Islamiyya ya sani shi ne mata na salla a masallacin Annabi a Madina, sahunsu na bayan na maza, har yau akwai ƙofar da ake kira Babun Nisa'i a wannan masallaci. Ingantaccen hadisi ya hana a hana su masallaci. Da suka ga maza sun rinjaye su a wajen karatu, sun nemi a ware musu rana, aka kuma ware musu. To in dai addini muke bi, ina muka kai ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ, wadda ta hana a fitar da matar da aka saki daga gidan aurenta har sai ta gama idda? A garuruwanmu, takarda na shiga hannunta, a daren take tattara 'ya'ya ta bi hanya, da safe a turo akori-kura ta kwashe kayan ɗaki. Fitarta unguwa na awa biyu muna da hujjoji a kanta kamar ruwan sama. Korarta daga gidan da ta share shekara ashirin tana sharewa kuwa, sai kowa ya yi gum. Wane irin riƙo da addini ne wannan da yake tsananta inda ya takura mata, ya sassauta inda ya takura mana?

Kuma ba yau aka fara wannan gardama ba. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke yawon wa'azi, mata na halartar majalisinsa, har wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki abin. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani, cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan illa. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya yi kaca-kaca da malaman da ke zama a waje suna karantar da almajirai, sun bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ba kowacce malfa, su riƙa jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu su koma su baza. Ba ta rushe katangar kowa ba, amma ta sa ilimi ya yi tafiyar kwanaki a ƙafafun mata. Wanda duk ya ce maganar wurin mata shigo-shigo ce ta Turawa, sai ya fara gaya mana wane Bature ne ya karantar da Shehu.

Ruwa ba ya tsami banza. Kulle kansa yana da tarihi, kuma tarihin na sarauta ne da dukiya. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Shi ne kuma ya gina gidan sarauta da ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Daga fada abin ya faro, alama ce ta isa. Cikin gidan sarki kuwa ba wurin zaman banza ba ne. Akwai Uwar Soro, akwai jakadu masu shiga da fita da saƙo, akwai Mai Babban Ɗaki da ake jin maganarta. Wata Ba'amurkiya, Heidi Nast, da ta yi nazarin gidan, ta nuna cewa a ƙarnonin baya matan cikinsa na da hannu a kula da hatsin da ke shigowa fada daga ƙauyuka. A can, keɓewa ta zo tare da iko. Talaka ya ari keɓewar, bai samu aron ikon ba.

Yadda kulle ya sauko har ƙauye shi ma labari ne da ya kamata 'yan boko masu raina shi su sani. A ƙarni na 19, noman rinji aikin bayi ne, maza da mata. Matar da ba ta zuwa gona, wannan kaɗai ya isa shaida cewa 'ya ce. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da ta ba wa wata mai bincike, Mary Smith, labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta ga wannan zamani da idonta. Da Turawa suka yi shelar cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936, mata da yawa da suka fita daga ƙangi abin da suka fara yi shi ne ajiye fartanya. Ga irin waɗannan kakanni namu, shiga kulle ɗaukaka ce, hutu ne daga ranar da ta gasa iyayensu. Wannan ya sa ba na yarda da mai kallon kowace matar kulle a matsayin fursuna.

Amma a ƙetara iyaka zuwa ƙasar Maraɗi a ga ɗaya fuskar. A can mace ta saba samun 'yar gonarta, gayauna, wadda suke kira gamana, abin da ta noma nata ne. Da jama'a ta yi yawa, gonaki suka yi ƙaranci, sai wani sabon tsari ya ɓullo. Marthe Diarra da Marie Monimart sun bayyana shi a wani bincike da suka fitar a 2006: magidanta na sa matansu a kulle, amma kullen na gona ne kawai. Matar na zuwa rijiya, tana zuwa itace, gona ce kaɗai aka rufe mata. Wane irin kulle ne wannan da ya bar hanyar rijiya a buɗe ya toshe ta gona? Ƙasa ce ta yi kaɗan, aka duba wanda ya fi sauƙin turewa, sannan aka nemo wa turewar suna mai kyau. Ga kuma 'yar Fulani nan kullum da ƙwaryar nono a ka tana ratsa kasuwa, ban taɓa jin wanda ya ce ta fita daga Musulunci ba.

Amsa ta biyu ta fi ta farko daɗin ji: matanmu sarauniyoyi ne, ci da sha da sutura duk suna wuyan miji, me za ta fita nema? A shari'a haka ne, kuma akwai gidajen da haka abin yake, Allah ya ƙara musu rufin asiri. Amma gidaje nawa ne? Tun ƙarshen shekarun 1960 wata mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, ta gano wata babbar kasuwa da ba ta da rumfa ko ɗaya. Daga gida zuwa gida matan kulle ke cinikin hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da tuwon sayarwa. Wata mai binciken, Enid Schildkrout, ta ga irin haka a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta kuma nuna ginshiƙin da kasuwar ke tsaye a kai: yara. Su ke sayo kaya, su ke kai talla, su ke karɓo bashi, su ke kawo labarin farashi. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, uwa ta samu kanta tsakanin abu biyu, ko 'yarta ta tafi aji jarinta ya mutu, ko ta ɗauki faranti a samu na kayan ɗaki.

Har yau muna cikin wannan tsaka mai wuya. A shiga kowace tashar mota da rana tsaka. Ga yarinya ba ta wuce shekara goma ba, an rambaɗa mata kwalli, faranti na dafaffiyar gyaɗa a kanta, silifas ɗinta ya cinye ta dunduniya. Kwandasta ya ɗebi gyaɗa ya riƙe kuɗin a sama, yana dariya yana cewa ta matso ta karɓa. Mutane na kallo, kowa ya kau da kai. Uwarta mai shekara talatin da biyar, mai hankali da wayon da za ta iya tsawata wa wannan ƙato, tana gida, mun tsare mata mutunci. Yarinyar da ba ta san hagu da dama ba ita muka tura tsakiyar maza. In kare mutunci ne manufar, wa ya fi buƙatar kariya tsakanin su biyun? Ribar kuma ba ta tsaya a hannun mai wahalar ba. Matar da ta yi makonni tana ɗinkin hula ba ta san nawa ake sayar da ita a kasuwa ba, abin da dillali ya ce shi ne farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan garin kansa ya sauya a ƙarƙashin ƙafafunmu, mu kuma muna ta maganar gidan kakanni. Ina tsakar gidan take yanzu? A unguwannin awon igiya an yanka filaye ƙanana, an cike su da ɗakuna har bakin bango. Zaure ya zama shago. A gidan haya iyali biyar ko shida ke raba 'yar farfajiya da banɗaki ɗaya, har da gwauro a ɗakin ƙofa, ta yadda mace sai ta sa hijabi kafin ta je ta zubar da ruwan wanke-wanke. A gidajen masu hali kuma, amarya na can bayan dogon gini da ƙofar ƙarfe, ita kaɗai daga safe har dare, ba kishiya ba faccala ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. A da, in dare ya yi, mata kan fita unguwa, yaro na gaba da fitila, su gaida mai jego, su yi ta'aziyya, su dawo. 'Yan mata kuma na da dandali, inda suke gaɗa a farin wata, fili ne na gari kuma nasu ne. Dandalin an yi shaguna a kai. Samari sun samu filin ƙwallo da gidan kallo da teburin mai shayi da bencin bakin titi. 'Yan mata me aka ba su a madadi? An ɗauke wa mace tsakar gida da dandali, an bar mata kullen.

Kasuwa ma haka. Atamfa da leshi da kayan kicin, mata ne masu sayensu, amma a manyan kasuwanninmu maza ne ke da shagunan, maza ke shugabancin ƙungiyoyin, maza ke zama da hukuma in za a raba sababbin rumfuna. A Makola ta Akra da Kejetiya ta Kumasi mata ne ke riƙe da kasuwa. A Lome matan da ake kira Nana Benz sun yi suna da dukiya a cinikin atamfa. Yarbawa na da sarautar Iyaloja. Matan zango, 'yan'uwanmu Hausawa Musulmi, suna sayar da koko da wake da shinkafa a bainar jama'a a biranen Gana, suna aurar da 'ya'ya, suna zuwa Makka da guminsu. Mu kuwa ko matar da ta shigo sayayya ba mu yi tanadinta ba. In lalura ta kama namiji, ya ɗauki buta ya samu gindin bango. Ita sai ta matse har ta koma gida, ko ta ƙi shan ruwa tun safe. In azahar ta yi, maza su tare hanya da tabarmi, ita ta tsaya riƙe da kaya tana jira a sallame, tata sallar kuma sai Allah ya kai ta gida. Masallatai da yawa ba su da sashen mata, inda yake akwai kuma sau da yawa a kulle yake, ko an mayar da shi ma'ajiyar tsofaffin darduma. Gini na magana. Wanda ya zana kasuwa ko tasha bai sa bayan gida na mata ba, ya riga ya faɗi wanda yake tsammani a wurin.

Za a ce mini waje ba lafiya, kuma wannan gaskiya ce mai ɗaci. Bayan Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, wa zai ga laifin uban da ya ciro 'yarsa daga makarantar kwana? Tsoro ma na shata iyaka, kuma ta 'ya mace yake fara matsewa. Amma ban da 'yan bindiga, wa ke sa titin unguwa ya zama abin tsoro? Kowace mace ta san wace kwana ce za ta kauce wa saboda majalisar da ke zaune a wurin, ta san inda za a yi mata tari, inda za a bi ta da ido har ta harɗe. Ta gwammace ta yi zagaye mai nisa. 'Ya'yanmu ne ke zaune a bencin, ƙannenmu ne, wani lokacin mu ne da kanmu. Mu ce mata ta zauna a gida don kada a ci mutuncinta, masu cin mutuncin kuma ko uffan ba mu ce musu ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Inda katanga ba ta kai ba, baki ke gadi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rayu daga 1933 zuwa 2001, ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya a Zariya. Ta bi mata har cikin gidajensu a Kano tana musu maganar haƙƙinsu, aka kama ta, aka ɗaure ta, aka kore ta daga garin, ta kuma sha ɗauri sau da dama bayan nan. A zamaninta duk macen da ta hau mumbarin siyasa sunanta ɗaya a bakin mutane, karuwa. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama. Yau su ne ke cika layin zaɓe tun asuba da goyo a baya, amma a majalisar dattawa da aka zaɓa a 2023, kujeru 4 kacal cikin 109 ke hannun mata. A Maris ɗin 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, ciki har da wanda zai ba matar aure damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar. Ta je jihar ubanta neman gurbi a ce ai kin yi aure. Ta je ta mijinta a ce ke baƙuwa ce. Tun tana ƙarama ake gaya mata ita 'yar gidan wani ce, ta je gidan wanin kuma a nuna mata zaman aro take yi.

Wayar salula ta buɗe wata kafa, kuma ina murna da ita. Mace na ɗakinta tana tallan turaren wuta da atamfa da abinci a WhatsApp, kuɗi na shigowa asusunta, ɗan aike ya kai kaya a kan babur, 'yarta na makaranta. Wannan ya fi faranti nesa ba kusa ba. Sai dai bakin nan ya bi ta har can. Ta faɗi ra'ayinta kan wata magana ta jama'a, maimakon a amsa mata hujja da hujja, sai a tambaye ta ina mijinta.

Ga 'yan'uwana da ke ganin maganin duk wannan shi ne a cakuɗa kowa da kowa, ina ganin sun yi gaggawa. A tambayi mace mai naƙuda ko tana son likita mace ta karɓe ta. A tambayi uban da bai yarda 'yarsa ta wuce firamare ba sai da aka buɗe sakandaren 'yan mata zalla a kusa. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka bazu daga ƙarshen shekarun 1970, da ƙungiyoyi irin FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, sun fito da mata neman ilimi fiye da duk wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a otal. Hijabin da wasu ke kallo a matsayin takunkumi, shi ya buɗe wa dubban mata hanyar aji da asibiti da ofis. Keɓaɓɓen wuri ba shi ne matsalar ba, muddin akwai ilimi da kuɗi da murya a cikinsa, muddin kuma ba za a ƙwace shi ranar da maza suka buƙace shi ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamin da aka kira rabon gado kada ya sa hannu sai ya ji daga bakin kowace mace, ko ta bayan labule ne, an karanta mata kima, an tambaye ta ko gona take so ko kuɗi. In za a sake gina kasuwa, a ware layukan shaguna na mata, da banɗakinsu da wurin sallarsu, a kuma sa su cikin kwamitin da zai raba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumomin tsara birane su daina amincewa da unguwar da ba a bar wa yara fili ba, filin kuma kada ya zama na ƙwallo kaɗai. Kwamitin masallaci ya nemo makullin sashen mata. Dattawan unguwa su riƙa tsawata wa majalisar da ke hana 'ya'yan mutane wucewa. Ina kuma jiran Juma'ar da liman zai keɓe huɗuba guda a kan magidantan da ke korar mata da jarirai cikin dare kafin idda ta cika, ya kira abin da sunansa, saɓon Allah, da irin muryar da yake ɗagawa in yana maganar yawon mata.